Tanon Inoussa da Iccen Jego

Duk wanda ya zauna unguwar Dagmanet ta Agadez a shekarar farin nan da muka ci jar dawa ta taimako ya san Inoussa Anjeniyar. In bai san shi da ido ba, to ya san shi da hanci. Ni kam ta duka biyun na san shi, don ƙofar gidanmu na kallon tasa, kuma rigar da na sa ranar da abin ya faru ban ƙara sa ta ba.

Anjeniyar ɗin ma shi ya raɗa wa kansa. Aikin da ya taɓa yi a duniya shi ne falanto a biron wani furoje, wato ofishin aikin taimako na nasara: ya share ƙasa, ya kai takarda, ya dafa kafe. Da ruwa ya ɗauke, nasara suka naɗe kayansu suka tafi, suka bar masa wata hular ƙarfe da bik uku waɗanda ba sa rubutu. Tun daga nan ba abin da za ka ambata a majalisa Inoussa bai ce shi ya koya wa nasara ba. Ka ce rijiya, shi ne. Ka ce jirgin sama, ya ce ai sun so tafiya da shi, kishin ƙasarsa ya hana.

Abu ɗaya ne ke sa bakinsa ya mutu. Ɗiya ɗaya tak Allah ya ba shi, Biba, ba ɗa namiji, kuma abin na cinsa. To mijin Biba, Seydou mai sayar da albasar Tabelot, yaro mai kunya wanda ko ido ba ya haɗawa da surukinsa, ya yi alkawari in matarsa ta haifi namiji za a sa masa Inoussa. Wayyo, da ma bai faɗa ba! Kafin cikin ya kai wata biyar, ba wanda bai san da zuwan Inoussa ƙarami ba, tun daga kasuwar raƙuma har tashar mota.

Haihuwar fari ce, saboda haka Biba ta dawo gidan iyaye. Kowa ya san mai jego sai da wankan ruwan zafi safe da maraice har kwana arba'in, kuma iccen wankan a wuyan miji yake. Ga shi soja sun hana sara, ƴan gandun daji in sun kama ka da gatari sai su karɓe gatarin su haɗa da jakin. Wata shida Seydou ya yi yana tara busasshen icce, uku-uku, huɗu-huɗu, ƙarƙashin buhunan albasa, har tulin ya kai tsawon katanga. Tabawa, matar Inoussa, kullum sai ta duba shi kamar mai kiwon kaji.

Ana nan sai radiyo ya ce gwamnati za ta ba da lambar girma ga duk ɗan ƙasar da ya samo hanyar girki ba da icce ba. Inoussa ya yi zumbur ya tashi zaune. Ya tuna a bayan biron furoje akwai wani rami da ake zuba kashin shanu, da tiyo, da wata shuɗiyar wuta da yake ɗora kafe a kai. Yadda aka gina ramin, da tsawon kwanakin da kashin ke yi, bai taɓa tambaya ba. Mai koya wa nasara ai ba ya tambaya.

Ran wata Talata Tabawa ta dawo daga layin pampo da tulu a kai, ta tarar da gindin katanga fayau. Inda icce yake, tano biyu ne, manyan gangunan ƙarfe, a tsaye, da tiyo a naɗe, da maigida sanye da hular ƙarfe.

"Malam, ina iccen yarinyar nan?"

"Na yi musaya da shi wajen maƙera. Tabawa, ki gode wa Allah, daga yau kin bar hura wuta."

"Na bar hura wuta, ko na bar samun abin hurawa?"

"Gaz za mu yi. Wuta ce shuɗiya, ba hayaƙi, ba toka. Sharar gidan nan da kike zubarwa, ita za ta dafa miki tuwo."

"Inna lillahi! Iccen da yaron nan ya yi wata shida yana ɓoyo?"

"Icce kayan jahilai ne. Ke dai sauke tulun nan, injin na son ruwa."

Ta sauke, amma ba don injin ba, ta zauna daɓas a ƙasa. Tana zaune tana salati ya juye ruwan da ta yi rabin yini a layi cikin tano.

Matsala ta farko, ba kashin shanu. Shanun sun mutu tun bara, ungulu ma sun gama da su. Na raƙumi kuwa ƙanƙararre kamar ƙwallon dabino. Inoussa ya kawo maganar majalisa, wajen tukubar Alkasum mahauci, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda suka shekara talatin suna cacar baki.

Alkasum ya ce, "To Anjeniyar, tunda shanu sun ƙare, sai ka jira damina."

"Kai ka san nama, ni na san siyans, ilimin nasara. Me saniya ke ci? Ciyawa. Me mutum ke ci? Tuwo da miya, wani lokaci har nama. To na wa zai fi ƙarfi?"

Alkasum ya ajiye wuƙa a hankali. "Inoussa, don girman Allah, ba abin da nake tsammani kake nufi ba."

Shi ɗin yake nufi. Da hantsi sai ga Chaibou mai kwasar masai da jakinsa da amalanke a ƙofar gida, yana ta waige-waige.

"Malam, ka ce ciki zan shigar?"

"Ciki mana."

"Shekara ashirin ina wannan aiki, fitarwa kawai na sani. Yau ne farkon da aka ce in shigar."

"Shi ya sa kake bin jaki, ni kuma na zauna da nasara. Zuba."

Chaibou ya zuba, amalanke uku. Aka bi da ruwan wanke-wanke, da ɓawon dankali, da tsohon tuwo. Inoussa ya rufe, ya haɗa tano da tano, ya jawo tiyo har ƙofar gida inda ya ajiye wani kaskon ƙarfe mai huji-huji.

Kwana biyu da wannan Biba ta sauka lafiya. Namiji! Inoussa ya fito titi yana rawa da hular ƙarfe. A cikin gida kuwa ungozoma ta ce a ɗora ruwa, Tabawa ta dubi murhu ta dubi tano, ta fashe da kuka. Sai ga dami guda na icce ya faɗo ta kan katanga, tim, da muryar Alkasum a bayansa.

"Tabawa, na yarinya ne. Ko tsinke ɗaya Anjeniyar ya taɓa ban yafe ba."

Daga cikin iccen tukubarsa ne, na neman abincinsa. Haka ya riƙa jefowa safe da maraice, har tsirensa ya koma na yini ɗaya a cikin biyu.

Seydou ya zo barka, ya durƙusa ya gai da surukinsa, idonsa ya kai gindin katanga, ya mayar ƙasa. Da la'asar Alkasum ya kawo saƙo majalisa.

"Surukinka bai ce komai ba. Ya dai ce a gaya maka ba a riga an raɗa sunan ba."

Inoussa ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "A gaya masa ranar suna da gaz za a dafa shayin liman, da gaz za a soya rago. In ba haka ba, a sa wa yaro sunan duk wanda aka ga dama."

"Kowa ya ji?" in ji Alkasum. Muka ce mun ji.

Rana ta biyu ya ƙyasta alimeti a bakin kasko, shiru. Ya ce injin yunwa yake ji, ya tafi kasuwa ya kwaso ruɓaɓɓiyar albasa buhu biyu, daga rumfar Seydou kuwa, ya ɗura da ɓawonta da komai. Rana ta uku, shiru. Ya ce ai ba abin da ke tashi sai da abin tashi, ya je wajen masu burodi ya karɓo lebir ɗin da ke kumbura musu ƙullu, ya juye kwano guda. Rana ta huɗu ya ƙara da dabinon da ya yi tsutsa, da ruwan tsamiya, da kanwa, wai tunda kanwa na sa wake saurin nuna.

A nan ne unguwa ta fara magana. Wari ya bi lungu ya shiga ɗakuna. Masu tallar fura suka sauya hanya. Ƙudan Agadez kaf suka yi hijira zuwa Dagmanet. Malam Alhassan, limamin masallacinmu, ya zo da gefen rawani a hanci.

"Inoussa, an ce da najasa za ka dafa mini shayi."

"Allah gafarta malam, ba da ita ba, da iskarta."

"Iskar tata ma ai alwala take karyawa."

"In ta fito daga mutum ke nan. Wannan daga tano za ta fito."

Liman ya ce zai duba littafi, ya tafi da sauri.

Warin ya ba Inoussa dabara. Ya ce tunda ana jin wari, gaz ne ke gudu, ƴan unguwa na shaƙe masa dukiya a banza. Ya kwaɓa laka da ƙaro ya liƙe duk wata kafa, yadda ake liƙe bakin rumbu. Ya ɗaure marufan da waya. Ya shafe tanon da baƙin man mota don su sha rana da kyau, ranar Agadez kuwa ba a roƙonta. Warin ya ragu, ya fito yana taƙama.

Ran kwana shida Chaibou ya biyo da jakinsa, ya leƙa, ya ga cikin tano ya yi tulu-tulu, ƙarfen na ƙara ƙas, ƙas. Ya ja da baya.

"Malam, ban san siyans ba, amma ko masai ana bar masa inda zai yi numfashi. Ka buɗe masa kaɗan."

"In buɗe gaz ya gudu gobe suna? Kai, ja jakinka."

"Na ja. Gobe ma ta bayan gari zan bi."

Ashe Inoussa bai tsaya nan ba. Ya sa an rubuta masa takarda zuwa ga parfe, mai mulkin jiha, wai ɗan ƙasa mai kishi ya gano wutar da za ta ceci itatuwan Nijar, a zo a gani da ido. A wancan zamanin kuwa parfe soja ne, kuma in ka kira soja suna zuwa.

Safiyar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Dangin Seydou suka zo cikin manyan riguna, abokansa Abzinawa masu lambun albasa suka sauko daga Tabelot da rawunansu, ido kawai ake gani. Ga goro, ga dabino, ga rago ɗaure a gindin tano, ga sanƙira yana gyaran murya. Liman ya zauna can ƙarshen tabarma, kusa da hanya. Seydou ya matso zai raɗa masa suna, sai muka ji ƙugin mota. Ajidan ne, hafsan sojan da parfe ya aiko, kakinsa ya sha guga, da soja biyu riƙe da bindiga.

Da Inoussa ya bari an raɗa sunan nan, da shi ke nan, an gama. Amma ina! Ya ɗaga hannu.

"A dakata! Sai an ga wuta tukuna, don yaro ya san sunan wa ya ci. Mon ajidan, bisimilla, matso kusa."

Ya ɗora butar shayi a kasko, ya yi jawabi. Ya ce daga Dagmanet za a ja tiyo har Yamai. Ya ce nan gaba mai gudawa shi ne attajiri. Ya murɗa, ya ƙyasta alimeti. Alimeti ya cinye har yatsa. Na biyu haka, na uku haka.

Alkasum ya ce, "Anjeniyar, ko in jefo dami?"

"Shuɗiyar wuta ce, ba a ganinta da rana."

"To sa hannunka mu gani."

Aka tuntsire da dariya. Ajidan bai yi ba, agogo ya duba. "Kai, bakin aiki na baro. Ina wutar?"

"Tu-da-suwit, yanzu-yanzu, mon ajidan. Ɓawon albasa ne ya toshe hanya."

A nan kam ya yi gaskiya, ita ce ma gaskiyar da ya faɗa duk makon. Ya cire tiyo daga jikin tano, ya leƙa, ya busa. Ya ɗauko rodin ƙarfe ya zura ya fara zungura. Tano ya yi wani gurnani. Ragon nan ya tsinke igiya ya bi lungu, dabba ma ta fi mu hankali. Liman ya miƙe ya ce ya tuna bai rufe masallaci ba.

"Mon ajidan, kawo kunnenka ka ji ƙarfin abin."

Ajidan ya sunkuya. Inoussa ya ja rodi baya, ya soka da iyakar ƙarfinsa.

Ƙarar dai an ce har kasuwar raƙuma an ji ta. Waya ta tsinke, marfin farko ya tashi sama kamar faifai, na biyu ya bi shi. Sai amalanke ukun Chaibou, da albasa buhu biyu, da dabino mai tsutsa, suka tashi suka yi mana rumfa, sannan suka sauko. Jama'a, wata goma sha takwas muna sallar roƙon ruwa, abin da ya fara sauko mana daga sama ke nan.

Sojan nan biyu da jin ƙara suka faɗi rub da ciki suka buɗe wuta sama. Wani ya yi ihu, "Kudeta! Juyin mulki!" Kan ka ce kwabo kasuwa ta watse, ƴan tebur na gudu da kaya a kai, masu radiyo na murɗawa su ji ko an sa kiɗan soja. Mu kuwa muna tsaye, ba mai iya buɗe baki, don duk wanda ya buɗe ya yi nadama. Abzinawa kaɗai suka tsira da bakinsu, albarkacin rawani. Wutar da ko ƙyas ba a gani ba, ita ce ta cinye riga arba'in.

Ajidan ya miƙe a hankali. Ba a gane gabansa da bayansa sai da ya buɗe ido. Ɓawon albasa na lilo a kunnensa.

"Ruwa," ya ce.

Tabawa ta amsa daga zaure, "Ranka ya daɗe, babu. Injin ya shanye."

Wallahi da yashi muka goge ajidan, kamar tukunya.

Inoussa kansa hular ƙarfe ta tsare masa ƙoƙon kai kawai. Duk da haka bakin bai mutu ba. "Mon ajidan, ka dai ga ƙarfin. Gyara kaɗan ya rage."

"Na gani. Kai ne anjeniyar ɗin masai ko?"

"Na gaz, mon ajidan."

"Muna da guda goma sha biyu a bariki, duk sun cika. Ku ɗauke shi."

Suka cilla shi bayan mota. Direba na ƙoƙarin tayarwa, liman ya dawo, shi kaɗai fes a cikinmu, ya ce suna ba ya wuce ranarsa, amma ba zai yi addu'a a nan ba. Aka koma ƙofar Alkasum, inda iska ba ta bi ba, aka tsaya nesa-nesa da juna. Wani ya kamo rago. Seydou, yaron nan da ba ya ɗaga ido, ya ɗaga ya dubi surukinsa sau ɗaya, sannan ya sunkuya a kunnen liman.

Inoussa ya riƙe ƙarfen mota ya miƙa wuya. Aka shafa fatiha. Sanƙira ya cika ƙirji.

"Sunan yaro Alkasum! Allah ya raya Alkasum!"

Na ga fuskarsa a lokacin, kuma duk haushin rigata sai da na ji tausayinsa. Ya saki ƙarfen motar ya koma ya zauna. Alkasum babba ma bai yi dariya ba, share ido ya yi ya tafi ɗauko wuƙa. Da ƙyauren ɗakin Inoussa da gadonsa na katako aka soya ragon, Tabawa da kanta ta faskara.

Kwana goma sha tara ya yi a bariki, Chaibou ne ya riƙa nuna masa yadda ake riƙe bokiti. Ya dawo ya rame, ya zauna majalisa ya ce soja sun ɗauke shi aikin sirri ne, ba zai iya bayani ba. Kowa dai ya ɗan matsa.

Sunan da ya so ya wanzu kuwa bai ɓata ba. Ban san wa ya fara ba, amma kafin farin ya wuce, duk lungunmu ba mai cewa zai zaga bayan gida, sai dai a ɗauki buta a ce za a je wajen Inoussa. Ya yi faɗa, ya kai ƙara wajen mai unguwa, ya daina gaisawa da rabin Dagmanet, a banza.

Bayan shekara uku, ina zaune da shi a ƙofar gida, jikan na kan cinyarsa yana wasa da hular ƙarfe. Bai taɓa kiran yaron da sunansa ba, sai dai "abokina". Can yaro ya fara mutsu-mutsu, ya zame ƙasa, ya kama cikinsa.

"Abokina, ina zuwa?"

"Kaka, sake ni, zan je wajen Inoussa."

Tsohon ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya miƙa hannu ya jawo buta, ya girgiza ya ji da ruwa, ya miƙa wa yaron.

"Je ka," ya ce. "Ka rufe bakin ramin in ka gama, amma ka bar masa ƴar kafa."